Ƙwan Lantarkin Baba

Likitar ido ta rage hasken ofis, ta ɗora wata shuɗiyar leda a kan takardar. Haruffan da suka shekara ashirin suna yi min rawa suka tsaya cak.

"Ƙwaƙwalwarki tana juya haruffa, wannan sai an bi ki a hankali," in ji ta. "Amma haske mai ƙarfi ne ke ƙara dagula miki su. Ba wanda ya lura?"

Na kalli Baba, wanda ya rako ni. Duk jarrabawar da na faɗi, sai ya sayo ƙwan lantarkin da ya fi na baya haske, ya ɗaura saman teburina. Malamin ajinmu ya mayar da ni bakin taga, inda rana ke dukan farar takarda. Ranar da Mama ta kama ni a ƙarƙashin gado ina haɗa baƙi da ƙyar, da kunne ta jawo ni, wai zan kashe idona. Daƙiƙiya suke ce min, har na fara amsawa.

"Ai gata muka yi miki," in ji Baba a hanya, murya ƙasa-ƙasa.

Muna isa gida na taka kujera, na kwance ƙwan da ko da rana ba a kashe shi. Yana ƙona min yatsu na damƙa masa a tafin hannu, na saki labule.

"Zauna, Baba. Yau ni zan karanta maka takardar likita, kuma sai ka jira har na gama."