Hankici a Ɗakin Gwaji

Tana tafasa niƙaƙƙen ɓawon dankali a ɗakin gwaji, don zafi ya kashe ƙwayoyin da ke shanye iskar haidurojin ɗin da take son tarawa, sai ga saurayinta ya shigo da hankici a hanci.

"Mama ta amince," in ji shi, kansa a ƙasa. "Amma ta ce sai kin bar aikin sharar nan kafin a ɗaura auren."

Ba ta fasa juya tukunyar ba.

"Kai fa, me ka ce mata?"

Ya gyara hankicin. Duk zuwan da yake yi, bai taɓa toshe hanci ba sai yau.

Ta dube shi, ta rage wuta.

"To, ka gaishe ta. Matsa baya, kada warin ya kama maka riga."