Man da Ya Ƙone a Ƙofar Gida

Jumare direba ne a unguwar Kwarbai, cikin birnin Zariya. Shi ke jan a-kori-kurar wani attajiri mai sayen auduga, kuma a ƙofar gidan Jumare motar take kwana. A shekarun nan kafin mulkin kai, motocin birni da yatsu ake ƙirga su, don haka ba ƙaramin ji da kansa yake yi ba.

In sanyi ya shigo, da an idar da sallar asuba sai ya waina ta da hannu ta tashi, ya bar ta tana ruri, ya koma zaure ya sha kokonsa. Ba ya hawa sai rana ta ɗaga. Haka ya ga wanda ya koya masa tuƙi yana yi, shi kuwa bai taɓa tambayar dalili ba. Allurar mai ta daɗe da mutuwa, da kara yake auna tanki, shi ma sai in ya tuna.

Maƙwabcinsa Malam Yakubu, wanda ya koyi gyaran mota a soja, ya sha gaya masa ɗumi kaɗan ya isa, sauran ta yi shi a hanya in ana tafiya a hankali. Jumare sai ya yi dariya.

"Malam Yakubu, mota a tsaye me za ta sha? Ai tafiya ke cin mai."

"Jaki ma yana turke yake cinye harawa," in ji Malam Yakubu.

Maganar ta bi ta bayan kunne. Mutum mai mota a ƙofar gida, wa ya isa ya koya masa mota?

Matarsa Mairo shekararsu tara tare ba haihuwa, sai a wannan shekarar ciki ya zauna. Duk abin da Jumare yake so a duniya yana cikin ɗakinta. Wata Talata da la'asar naƙuda ta kama ta. Da yammar ya zura kara a tanki, ya ga ya jiƙe kamar yatsa biyu. Ya ce wannan zai kai asibitin Wusasa har ya dawo, gobe ya sha mai a Sabon Gari.

Gari ya waye ba ta sauka ba. Iya Kulu ungozoma ta leƙo zaure ta ce kada ya yi nisa, abin yana neman ya fi ƙarfinta. Ranar kuwa an yi sanyi mai shiga ƙashi. Jumare ya tuna wata safiya irin wannan da motar ta ƙi tashi sai da aka tura ta. Ya fita ya tayar da ita, ya bar ta a kunne, don ko da an ce a tafi tana shirye.

Malam Yakubu ya fito ya roƙe shi ya kashe, ya ce ta riga ta yi ɗumi, ko yaushe aka waina za ta tashi.

"Yau ko mai motar ne ya ce in kashe, ba zan kashe ba," in ji Jumare.

Ba mugunta ba ce, tsoro ne da ƙauna, ga rashin sani a kai. Haka ta yi ta ruri tun asuba har hantsi, hayaƙinta yana dukan katangar gidan.

Da hantsi ya dubi ludayi Iya Kulu ta ce a tafi. Aka shimfiɗa tabarma a bayan mota aka kwantar da Mairo. Jumare ya ja, yana yaba wa kansa dabarar da ya yi. Suna fita Ƙofar Kuyambana da kaɗan sai mota ta yi tari, ta sake yi, ta mutu.

Ya waina, ya waina, har tafin hannunsa ya sale. Daga baya ya zura kara a tanki. Karan ya fito a bushe.

"Malam, mun iso?" Mairo ta tambaya da ƙyar.

"Saura kaɗan," Jumare ya ce, bai iya kallon ta ba.

Babu fetur kusa, babu wata mota a hanya. Wasu manoma masu shigowa birni suka ajiye kayansu suka tura, yashi ya riƙe tayoyi. Sai suka kama bakin tabarma su huɗu, suka ɗauki Mairo a ƙasa, Iya Kulu tana bin su tana salati. Tafiyar da mota za ta yi kafin a gama shan ƙwaryar koko, sai dab da azahar suka gama ta.

Ma'aikatan asibiti sun yi iya ƙoƙarinsu. Ɗan namiji ne, bai zo da rai ba. Kafin la'asar Mairo ta bi shi.

A wurin zaman makoki Malam Yakubu bai ce masa komai ba sai "Allah ya ji ƙanta, ya ba ka haƙuri." Da ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Bayan sadakar bakwai Jumare ya mayar wa mai mota makullinsa, bai sake tuƙi ba. Amma baƙin tabon da hayaƙi ya bari a katanga yana nan, kullum zai fita masallaci sai ya gan shi. An ce a shafe masa, ya hana.

Jama'a, ajali na Allah ne, amma sakaci namu ne. Mota a kunne tana shan mai ko ba ta motsa ba. Ɗumi kaɗan ya ishe ta, a kuma duba tanki kafin a tashi. Wanda ya fi ka sani in ya ce bari, ka bari, kada man ranar buƙata ya ƙone a ƙofar gida.