Mundaye a Gindin Tsamiya

Kai da ke neman wanda za ka yasar wa tsohuwar na'urarka don ka yi sabuwa, saurara in ba ka misali.

An yi wani tela da ba shi da abin sha'awa kamar yawon kufai. Ranar da ba ɗinki sai ya saɓa na'urar gano ƙarfe ya nufi inda mutane suka taɓa zama suka tashi, ya dawo da anini mai huji, ko tsohon kwabo, ko guntun linzami, ya wanke ya jera a faranti yana kallo kamar wanda ya ci gado. Na'urar tasa ta tsufa tukuf, mariƙinta ɗaure da roba, ga nauyi, ga surutu. Ta ji ƙusa ta yi kuka, ta ji gwangwani ta yi kuka, komai ta gani sai ta faɗa. Da ya samu hali ya sayi sabuwa mai fuska irin ta waya, wadda za ka umarce ta ta yi shiru a kan baƙin ƙarfe, ta yi magana a kan azurfa da tagulla kaɗai. Tsohuwa kuwa aka jingine ta a bayan rumbu, ko kallonta bai ƙara yi ba.

Ana nan sai aka ji za a bi da titi ta kan kufan kakanninsa, motocin aikin har sun iso bakin rafi. Mahaifiyarsa, wadda tsufa ya riga ya kwantar, ta kira shi ta ce shekarar da yunwa ta tashe su daga ƙauyen, uwarta ta binne mundayenta na azurfa a gindin tsamiya don kada a sayar, ta kuma rasu ba ta koma ba. Ta ce, "In da hali, ɗan nan, ina so in sake riƙe su kafin in bi ta." Tela ya ce wannan ai kamar an yi an gama. Ya je da sabuwar na'ura, ya hana ta kula baƙin ƙarfe saboda kufai cike yake da tarkace, ya share gindin tsamiyar nan gaba da baya har cajinta ya ƙare, ko tari ba ta yi ba. Ya dawo gida jiki a sanyaye, ya tarar ba wuta a gari, ga kunyar haɗa ido da mahaifiyarsa, ga titi yana matsowa.

Dole ce ta sa ya ɗauko tsohuwar na'urar daga bayan rumbu, ya kakkaɓe, ya sayi batirin rediyo wajen mai tireda ya zuba mata. Suna isa ta kama halinta. Ya tona, ruwan fartanya. Ya sake tonawa, ƙusa. Gumi na zuba yana tsaki yana ce mata magulmaciya. Can tsakanin saiwoyi biyu ta saki wani kuka mai kauri, ya haƙa kamu biyu ya ci karo da murfin tukunyar ƙarfe da tsatsa ta cinye. Har ya ɗaga hannu zai mayar da ƙasa, sai ya ce bari dai ya ɗaga murfin. Mundayen na ciki, naɗe a ruɓaɓɓen tsumma, sun yi baƙi ƙirin. Sabuwar ta bi ta kansu ba sau ɗaya ba, amma abin da ta ji tukunyar ce, tukunya kuwa baƙin ƙarfe ce, ta yi shirun da aka umarce ta. Shi kansa ya san laifin ba nata ba ne.

Da ya kai wa mahaifiyarsa, hannunta ya rame har munduwar ba ta tsayawa. Ta ɗora su a ƙirji ta riƙe, tana kiran sunan uwarta tana hawaye, tana sa masa albarka. Kafin sati ya zagayo an tumɓuke tsamiyar, an daddaɓe wurin.

To ka ji. Yi sabuwarka, ba mai hana ka, amma ka sani da tsohuwar zuma ake magani.