Matakin da Ke Maƙalewa

Marigayiya Sista Briskila, wadda ta yi aikin jinya a Ingila, ita ta ba ni labarin nan, ranar da na kai mata ƙarar matar ɗana, wai tana son koya mini hura murhun gidanta.

Ta ce a can an yi wani makaɗin ogan. Ogan ɗin nan, 'yar nan, abin kiɗan coci ne mai bututai kamar gorar rufi, ana danna shi da yatsu, ana taka shi da ƙafa, kuma ba ya ɗaukuwa, inda aka kafa shi nan yake tsufa. Mutumin tun yana yaro yake kaɗawa, har ya kai manyan birane sai an yi layi a saurare shi. Da furfura ta fito masa, mutanen ƙauyensu suka roƙe shi ya zo ya kaɗa musu ranar bikin cocinsu. Ya yi murna, don abu ɗaya ya rage masa a rai: a yaba shi a gaban waɗanda suka san shi da gajeren wando.

Ya iso ana yayyafi. Tsohuwar da ta shekara talatin tana kaɗa musu duk Lahadi ta tare shi a ƙofa, ta ce, "Malam, zo in nuna maka halin ogan ɗinmu." Ya yi murmushi, ya ce ya taka waɗanda suka ninka wannan goma, ya miƙa mata lemarsa ta riƙe. Ashe akwai mataki ɗaya can hagu, in ya sha danshi aka taka shi ba ya dawowa. Ita kullum kewaye shi take yi, ko limaminsu bai sani ba. Ana tsakiyar waƙa ya ɗora dunduniya a kai. Bututu ya kama ruri kamar bijimi. Waƙa ta ƙare, ruri bai ƙare ba. Ya ja wannan, ya tura wancan, gumi na ɗiga, sa'o'insa na ƙunshe dariya. Tsohuwa ta taso a hankali, ta durƙusa, ta sa ƙugiyar lemarsa ta ɗago matakin. Tsit.

Washegari na tsaya bakin madafa na ce wa matar ɗana, "'Yata, nuna mini halin murhun nan naki." Ai dama an faɗa: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.