Rijiyar Kakan Shugaba

Shugaban kwamiti ya gyara tsayuwa a bakin tsohuwar rijiya, ya haska allon ƙarfen da wayarsa. Wata shida ya yi yana wa mutanen unguwa bayani: kowane lungu da allonsa, ka haska da waya, ka ji tarihin wurin daga bakin tsofaffi. Allon rijiya kuwa shi ya dage a dasa da siminti, wai tarihi ba abin tugewa ba ne. Ai kakansa ne ya haƙa ta. Kowa ya sani, tunda shi ya gaya wa kowa.

Tsofaffi ashirin aka naɗi muryoyinsu. Sauraron abin da suka faɗa ne dai babban mutum bai samu lokaci ba.

"Ku yi shiru, tarihi zai yi magana," in ji shi, ya kara wayar a bakin lasifika.

Muryar wata tsohuwa mai saƙa ta fito tar.

"Kakan shugaba? Allah ya jiƙansa. Wa ya ce muku shi ya haƙa? Faɗawa ya yi, ɗana. Akuya ce ta biyo shi. Mu huɗu muka jawo shi da igiyar guga, yana kiran uwarsa."

Shugaba ya danna nan, ya danna can, maganar ta koma farko. Ya dubi gindin allon, siminti tuni ya bushe.

Tsohuwar na zaune a sahun gaba. Ta ce, "Ɗana, ƙara sauti. Na baya ba su ji wurin akuyar ba."