Allura a Bakin Hanya

Tun da aka kafa dokar wuri, akwatin maganin ma'aikatan jinya ba ya buɗewa sai an danna masa inda ake: gida, asibiti ko hanya. In aka yi masa ƙarya, ya sani.

Ranar Talata da hantsi Malama Tasalla ta zo yi wa Hansatu allura. Kwananta tara da haihuwa, ta dawo gidan iyayenta wankan jego, sai zazzaɓi ya kama ta. Tasalla ta danna "gida". Akwatin ya kunna jar fitila.

"Inna, wai nan ba gidanta ba ne. Gidan mijinta aka rubuta."

Inna Yalwa, mahaifiyar Hansatu, ta riƙe haɓa. "A ɗakin nan na haife ta! Cibiyarta na binne bayan randar can. Gaya masa."

"Ba ya jin magana, Inna."

"Ashe halin Malam maigidana gare shi."

Gidan mijin yana Funtuwa, tafiyar awa uku, jikin Hansatu kuwa kamar garwashi. Tasalla ta daɗe tana kallon kalmomin nan uku, sannan ta ce a ɗauko tabarma.

Suka riƙo Hansatu, suka wuce zaure, suka kwantar da ita a waje, taku biyu daga ƙofar gidan ubanta. Tasalla ta danna "hanya". Akwatin ya buɗe.

Bayan allurar ya fitar da 'yar takarda: "Matafiyiya, ba a san inda ta nufa ba."

Inna ta ce a karanta mata. Tasalla ta ninke takardar.

"Cewa ya yi Allah ya ƙara sauƙi, Inna."