Ruwan da Aka Tafasa wa Mai Ciki

Ke da cikinki ya fara ture zane, har sai kin tambaye ni amfanin zuwa awo? Da bakinki? To gyara zama, ni ba na maimaita magana.

An yi wata mai daddawa, 'yarta ta dawo gida goyon ciki, cikin fari. Rijiyarsu tana gangaren da maza ke daka dutse suna wanke zinariya, ruwanta garau, ba wari ba ɗanɗano, shi yarinyar ta sha tun tana goye. Uwar nan ba ƙazama ba ce. Kullum sai ta tafasa shi, ta tace da farin ƙyalle ta zuba a randa, don a saninta wuta na kashe kowace cuta. Yarinya kuwa ga ƙishirwa kamar ta kwana tana lasar gishiri, ga fitsari ba ƙaƙƙautawa, har kiyashi na taruwa inda ta tsuguna. Uwar ta ce ai ciki ya gaji haka, ta ƙara cika mata moɗa.

Da jiri ya fara kayar da ita, aka kai ta asibiti. Malamar awo ta tsaga mata yatsa ta gwada jinin, ta ce ciwon suga ne na masu ciki, in an bar shi ɗa kan yi girman da haihuwa za ta gagara. Ta tambayi inda suke ɗiban ruwa, don matan unguwar sun yawaita zuwa mata da irinsa. Aka gwada ruwan, aka samu wata guba ta cikin dutse, asenik, wadda ke iya ƙara jawo ciwon. Uwar ta ce ai tafasawa take yi.

Malamar ta ce, "Inna, wannan ba ta jin wuta. Ruwan ne ke ƙonewa, ita ta zauna a tukunya."

Uwar ba ta tsaya kuka ba. Ta rufe rijiya da kwano, ta riƙa ɗaukar tulu har famfon ƙetaren rafi da tsufanta. Ta cire wa yarinya suga daga kunu, ta rage tuwo ta ƙara zogale, magani ba fashi. Allah Ya sauki yarinya lafiya, ɗa namiji. Ran suna, cinyar rago guda mai daddawa ta naɗe, ta kai wa malamar da ƙafarta, ta durƙusa wa sa'ar 'yarta tana godiya.

Shi ya sa ake cewa rashin sani ya fi dare duhu.

Ku kuma yara da kuka baza kunnuwa, maganar ta manya ce. Kowa ya yi fitsari ya hau tabarmarsa.